Ƙauye Ba Ɗakin Gwaji Ba Ne

Tura ɗaliban likitanci karkara tsohuwar al'ada ce, kuma mai kyau. Jami'ar Ibadan ta fara nata shirin a Igbo-Ora tun 1963. Asibitin koyarwa na Zariya yana da cibiya a Yakawada, na Kano kuma a Kumbotso. Likitan da bai taɓa ganin rijiyar da majinyacinsa ke sha ba, rabin ciwon kawai ya sani.

Ƙorafina ba a kan irin waɗannan cibiyoyi na dindindin yake ba. A kan ziyarar yini guda yake, wadda ake laƙaba wa suna "haɗin gwiwa da al'umma". A cika mota da fararen riguna, a gaida dagaci, a yi wa matan aure tambayoyin da ko surukansu ba sa yi musu, a ɗauki hoto, kafin la'asar an kama hanya. Ɗalibi ya samu maki, malami ya samu maƙala. Mutanen gari fa?

A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun hawan jini. A auna dattijo, a ce jininsa ya hau, a danƙa masa amlodipine na mako biyu. Alhali maganin hawan jini kullum ake shan sa, galibi har ƙarshen rayuwa. Da zarar an daina, jinin ya sake hawa. An bar bawan Allah da fargaba, ba a nuna masa inda zai sami ƙari ba, sai ya faɗa hannun masu tallar ƙwayoyi a rana.

Za a ce babu kuɗi. To, nawa ake kashewa wajen komawa a karanta wa jama'a sakamakon bincike da Hausa? Tun 1987 Shirin Bamako ya shimfiɗa tsarin asusun magani mai juyawa, wanda jama'ar gari ke da hannu a kula da shi. Makarantar da ke yaye likitoci ba za ta ce ba ta san hanyar ba.

Kuma amana ba ta da arha. Gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 yana cikin dalilan da suka rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Saboda haka, mai karatu, in sun iso garinku, ku karɓe su da mutunci, sannan ku yi tambaya uku: Me za a yi da amsoshinmu da jininmu? Yaushe za ku dawo da sakamako? Wanda aka samu da ciwo, wa zai ci gaba da duba shi? Kuna da ikon ƙin shiga kowane bincike. Wanda bai zo da amsa ba, ku ba shi ruwa ya sha, amma kada ku miƙa masa hannu ya ɗebi jini.