Sahel: Yadda ƙirga gawarwaki ya zama laifi

A ranar 1 ga Disamban 2023, Dokta Daouda Diallo ya je ofishin fasfo da ke Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, domin sabunta fasfonsa. Fitowarsa ke da wuya, wasu mutane sanye da kayan gida suka tusa ƙeyarsa cikin mota suka yi gaba da shi. Bayan 'yan kwanaki hotonsa ya bazu a kafofin sada zumunta yana sanye da kakin soja. Bai sake kwana a gidansa ba sai a watan Maris na 2024.

Diallo masanin haɗa magunguna ne, bai taɓa neman aikin soja ba. Sunansa ya fito ne bayan kisan Yirgou na farkon Janairun 2019, lokacin da 'yan banga suka afka wa Fulanin yankin bayan 'yan bindiga sun kashe mai garin. Gwamnati ta ce mutum 49 suka mutu. Ƙungiyar CISC da ya jagoranci kafawa ta bi rugage tana rubuta sunaye, ta ce mamatan sun haura 200. Wannan aiki ne ya ba shi lambar yabo ta Martin Ennals a 2022, kuma shi ne ya jawo masa kakin da bai nema ba.

Abin lura a nan shi ne makamin da aka yi amfani da shi. A da, mai kare haƙƙin ɗan Adam a fagen yaƙi harsashi yake tsoro, ko saƙon barazana cikin dare. Waɗannan ba su gushe ba, amma an ƙara musu takarda mai hatimin hukuma. A Afrilun 2023 gwamnatin Kyaftin Ibrahim Traore ta kafa dokar da ta ba ta ikon kiran duk wanda ya kai shekara 18 zuwa fagen daga. A rubuce, dokar ta shafi kowa. A aikace, takardar kiran ta fi sanin ƙofar 'yan jarida, 'yan ƙwadago da masu fafutuka. Ko tsohon ministan harkokin waje, Ablasse Ouedraogo, mai shekara 70, bai tsira ba, kuma a Agustan 2024 kiran ya kai ga alƙalai da masu gabatar da ƙara. Bautar ƙasa, wadda ya kamata ta zama abin alfahari, ta koma bulala, kuma wannan cin fuska ne ga sojan da ya shiga aikin da zuciya ɗaya.

A Mali salon ya bambanta, manufar ɗaya ce. A ƙarshen Maris na 2022 sojoji suka yi wa garin Moura ƙawanya a ranar kasuwa, suka ce sun kashe 'yan ta'adda 203. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a Mayun 2023, ya ce aƙalla mutum 500 aka kashe, akasarinsu ba sa ɗauke da makami. Hukumomin Bamako sun yi watsi da rahoton, suka sanar da buɗe binciken leƙen asiri a kan waɗanda suka haɗa shi. Kafin nan, a Janairun shekarar, Aminata Dicko, wata 'yar fafutuka, ta yi jawabi ga Kwamitin Sulhu inda ta ambaci ta'asar masu iƙirarin jihadi da ta sojoji da abokansu na Rasha. Barazana ta sa ta ɓuya, shi kuwa Guillaume Ngefa, shugaban sashen kare haƙƙin ɗan Adam na rundunar MINUSMA, aka ba shi sa'o'i 48 ya bar ƙasar.

Na Nijar ya fi kusa da gida. A daren 3 ga Disamban 2024 aka ɗauke Moussa Tchangari, babban sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, daga gidansa a Yamai. Bayan wata guda aka tuhume shi da yabon ta'addanci da haɗa baki da ƙasashen waje, aka kai shi gidan yarin Filinge. Mai son ɗora laifin duka a kan mulkin soja sai ya tuna cewa a Mayun 2015, zamanin farar hula na Mahamadou Issoufou, an tsare wannan mutumin na kwana goma bayan ya soki yadda aka kwashe mazauna tsibiran Tafkin Chadi a jihar Diffa. Gwamnati ta sauya, tuhumar ba ta sauya ba.

Hujjar masu mulkin ba ta rasa masu saurare, har a kasuwannin Kano da Sakkwato. Suna cewa ƙasa na cikin yaƙi, ƙungiyoyin nan da kuɗin Turawa suke aiki, kuma rahotanninsu na karya gwiwar soja. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: ƙasashen Yamma sun sha ɗaga murya a inda suke da buƙata, su yi gum a inda abokansu ke ɓarna. Sai dai munafuncin Faransa ko Amurka ba ya tayar da wanda aka binne a Moura. Tambayar da rahoto ke ɗauke da ita guda ce, an kashe mutanen nan ko ba a kashe su ba, kuma amsarta na wurin bincike da tono kaburbura. Lokacin da Human Rights Watch ta ce sojojin Burkina Faso sun kashe mutum 223, ciki har da yara 56, a ƙauyukan Nondin da Soro a ranar 25 ga Fabrairun 2024, gwamnati ta musanta, ta kuma dakatar da BBC da Muryar Amurka na mako biyu saboda sun ba da labarin.

Su ma masu iƙirarin jihadi ba sa ƙaunar mai littafi da biro. A yankunan da JNIM ko reshen IS na Sahel ke iko, duk wanda aka ga yana tambaye-tambaye ɗan leƙen asirin gwamnati ne a wurinsu, hukuncinsa kuma sananne ne. Mutanen da ake kira 'yan koren 'yan ta'adda a babban birni su ne dai suke rubuta kisan da 'yan ta'addan ke yi a ƙauye. Mai wannan aiki ya zama gaba kura baya sayaki.

Asarar ba ta tsaya kan 'yan boko masu ƙungiyoyi ba. Falken da aka sauke yaron motarsa a shingen bincike bai sake jin ɗuriyarsa ba, ko dillalin shanun da aka kama ɗan'uwansa saboda kamanninsa, wurin irin su Diallo yake kai kuka, domin su ne ke da lauya da jerin sunaye. Ita kanta gwamnati tana toshe kunnenta ne, domin kwamanda ba ya kai ƙarar kansa, kuma dangin da aka hana su kuka su ne masu wa'azin daji suka fi saurin samu.

Najeriya ba ta da bakin yi wa maƙwabta dariya. A Maris na 2017 masu zanga-zanga sun mamaye ofishin Amnesty International a Abuja suna neman ta bar ƙasar, a Disamban 2018 kuma rundunar soja da kanta ta nemi a rufe ofisoshinta. Duk da haka, lokacin da jirgi marar matuƙi ya kashe masu Mauludi aƙalla 85 a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disamban 2023, mutanen gari da 'yan jarida da ƙungiyoyi sun ƙirga gawarwaki a bainar jama'a, rundunar soja ta amsa kuskurenta, shugabanta ya je ta'aziyya.

A ƙasashen uku kuwa ƙofofin waje ma rufewa suke yi. MINUSMA ta kammala ficewa daga Mali a Disamban 2023. Nijar ta sallami ƙungiyar agaji ta ICRC a Fabrairun 2025. Ficewarsu daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025 ta raba talakawansu da kotun ƙungiyar da ke Abuja, wadda a 2008 ta ba Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka sayar tana yarinya, gaskiya a kan gwamnatin ƙasarta. A Satumban 2025 kuma Mali, Burkina Faso da Nijar suka sanar da ficewa daga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya.