Wa Ke Bisa, Wa Ke Ƙasa? Rabon Ruwa Tsakanin Nijeriya Da Nijar

Da zarar kaka ta wuce, an kai amfani rumbu, hankalin mai noman rani yakan koma kan abu ɗaya, watau ruwa. Mai albasa yana leƙa rijiyarsa, mai alkama yana duban gulbi. To, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar akwai dubban manoma waɗanda ruwan lambunsu ba ya hannun dagacinsu, ba ya kuma hannun Gwamnatinsu. Yana hannun wani ma'aikaci a wata ƙasa, wanda ke riƙe da ƙofar madatsar ruwa. In ya buɗe a kan kari, lambu ya yi kyau. In ya rufe, ko kuwa ya buɗe ba tare da ya aiko da labari ba, wahalar shekara ta tashi a banza. Saboda haka maganar rabon ruwa tsakanin ƙasashen nan biyu magana ce ta noma, ta cancanci a yi ta a wannan fili.

Gulabe huɗu

Iyakar ƙasashen biyu ta kai wajen kilomita 1,500, gulabe da yawa kuwa suna ƙetare ta. Mai karatu ya fara duban Gulbin Maraɗi. A Nijeriya yake tasowa, inda ake ce masa Gada. Yakan bi ta Jibiya a Jihar Katsina, ya shiga Nijar ta ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya juyo ya sāke shigowa Nijeriya, ya faɗa Gulbin Rima a ƙasar Sabon Birni. Ashe ke nan a kan gulbi guda, mutumin Jibiya yana bisan mutumin Maraɗi, mutumin Maraɗi kuma yana bisan mutumin Goronyo.

Majiya kuwa akasin haka take. Tana tasowa daga duwatsun Adar a cikin Nijar, ta gangaro ta ƙasar Birnin Ƙonni, ta ƙare a tafkin Kalmalo kusa da Illela a Jihar Sakkwato. Nan Nijar ke bisa, Nijeriya ke ƙasa. Na uku shi ne Tagwai, mai tashi daga ƙasar Katsina ya nufi Nijar. Na huɗu shi ne Komadugu Yobe. Ruwansa daga Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are yake, suna gamuwa a wajen Gashuwa, ƙarshen kogin kuma shi ne iyaka tsakanin Borno da yankin Difa har ya faɗa Tafkin Cadi.

Kowace ƙasa ta datse ruwa a inda take bisa. Nijeriya ta gama madatsar Tiga a 1974, ta gama ta Calawa a 1992, dukansu a kan rassan Kogin Haɗeja. Ta kuma gina ta Jibiya a kan Gada. Nijar ita ma ta datse Majiya a Mozage da Zongo domin ban ruwan filayen Ƙonni. Kowace kuma ta ji kukan maƙwabciyarta. Mutanen Maraɗi sun daɗe suna cewa gulbinsu ya rage cika tun da aka yi dam ɗin Jibiya. Mutanen Illela sun daɗe suna kukan janyewar Kalmalo. Masu noman tattasai a Difa kuwa, ƙarfin ambaliyar da ke iso musu ya danganta da abin da aka sako daga ƙasar Kano, tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Abin da madatsa ke yi wa na ƙasa

Madatsar ruwa abu ne mai amfani, ba mai musun wannan. Tana tara ruwan damina a yi noman rani da shi, tana shayar da birane, tana rage ɓarnar ambaliya. Amma ambaliyar da take tarewa ita ma tana da nata aiki. In gulbi ya cika ya malala cikin fadama, ruwan yakan nutse ƙasa, shi ne wanda manomi ke jawowa da jigo ko inji a watan Fabrairu da Maris. Yakan bar laka mai taki a gona. A cikin ruwan nan mai malala kifi ke hayayyafa, a bayansa kuma burgu ke tsirowa shanun Fulani su ci da rani. In aka hana malalar nan shekara da shekaru, rijiya takan yi zurfi, kuɗin man inji ya ƙaru, makiyayi ya rasa wurin kiwo ya faɗa lambun manomi. Rigimar da ake kaiwa gaban hakimi wani lokaci tushenta yana can a ƙofar dam.

Lokacin sakin ruwa ma yana da nasa hukunci. Ruwan da aka saki bayan an dasa albasa a gindin fadama ɓarna ne. A ƙasar Haɗeja da Nguru an ga wani abin kuma. Da ruwa ya koma gudana kaɗan kaɗan duk shekara maimakon ya cika ya janye, sai ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Duk digon da ya tsaya a cikin kacalla, mutumin Gaidam da na Difa ne suka rasa shi.

Takardar Maiduguri

Shugabannin ƙasashen biyu ba su jahilci wannan ba. Tun 1971 suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mai ofis a Yamai. Ran 18 ga Yuli, 1990, suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar rabon ruwan gulaben nan huɗu. Abin da ke ciki ba shi da wuyar ganewa. Kowace ƙasa tana da hakkin rabo na adalci. Kowace za ta auna ruwa ta ba 'yar'uwarta lissafi. Wadda za ta yi wani aiki da zai taɓa ruwan, sai ta fara sanar da ɗayar a yi shawara. An haɗa har da ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ciyar da gulaben, an kuma tanadi kwamitin masana ruwa na din-din-din.

Takarda ce mai kyau. To, amma a tambayi mai lambu a Madarumfa ko Illela ranar da za a buɗe dam bana, da yawan ruwan da za a sako. Galibi ba zai iya faɗa ba, sai dai ya wayi gari ya ga ruwa, ko ya wayi gari bai gani ba. Yarjejeniyar da ba ta kai ga manomi ba, tamkar iri ne da aka bari a cikin rumbu har damina ta wuce.

Masu cewa Nijeriya ba ta bukatar kowa

Akwai masu cewa, ruwan sama a ƙasarmu ya sauka, dam da kuɗinmu aka gina shi, don me za a sakar wa wasu? Wanda ya faɗi haka ya juya ya dubi Kogin Kwara. A ƙasar Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya shigo Jihar Kebbi. Madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Jebba da ke ƙasanta, suna samun cikar kogi sau biyu a shekara. Ta farko daga daminar kusa take. Ta biyu ruwan Gini ne, wanda ke daɗewa a fadamun Mali, sai lokacin ɗari yake isowa. Wannan ta biyun ita ke taimakon injunan lantarki da masu ban ruwa a tsakiyar rani, kowane digo nata kuma ta gaban Yamai yake wucewa. Wanda ke tsammani Kwara ba ya ƙafewa ya tuna da watan Yuni na 1985, lokacin da kogin ya daina gudu a Yamai saboda fari.

Don haka ne Nijeriya ta riƙa sayar wa Nijar wutar lantarki tun shekarun 1970, ta layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Manyan ma'aikatan Nijeriya sun sha faɗa cewa dalilin wannan ciniki shi ne kada na bisa su datse kogin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, a Nijar, sai Nijeriya ta yanke wutar a watan Agusta bisa takunkumin ƙungiyar ECOWAS, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya yake zuwa. Sai a Maris na 2024 aka ba da umurnin mayarwa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da juyin mulki, ya kamata ya lura da darasin da maƙwabci ya ɗauka, watau abin da aka ba shi a madadin ruwa ana iya janye shi ran da aka ɓata. Nijar kuwa tun 2008 ta aza harsashin madatsar Kandaji a kan Kwara, wajen kilomita 180 arewa maso yamma da Yamai. Tana da hakkin gina ta. Yadda za a cika ta, da yadda za a riƙa sakin ruwanta da rani, shi ne abin da zai shafi mai shinkafa a Yawuri. Wanda yake so a ji kukansa a kan Kandaji, tilas ya ji kukan Maraɗi a kan Jibiya.

Wasu kuma suna cewa laifin fari ne, ba na madatsa ba. Da gaskiyarsu ta wani fanni, gama farin shekarun 1970 da na 1980 ya rage ruwan gulaben nan duka. Amma nawa ne na fari, nawa ne na dam? Gardama ba ta yanke wannan, sai awo. In ba a auna ba, kowa zai yi ta zargin ɗan'uwansa.

An yi a wani wuri

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. A yammacin Afirka ɗin nan, Mali da Muritaniya da Sanagal sun kafa hukumar Kogin Sanagal a 1972. Suka gina madatsar Diyama a 1986 da ta Manantali a 1988, suka mai da su dukiyar tarayya, ba ta ƙasa ɗaya ba. Wutar Manantali ma rabonta a rubuce yake: Mali kashi 52, Sanagal 33, Muritaniya 15. A 1989 mummunan rikici ya tashi tsakanin Sanagal da Muritaniya, aka yi asarar rayuka, aka kori dubban mutane, aka yanke hulɗar jakadanci har 1992. Duk da haka hukumar kogin ba ta rushe ba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba a fasa cin tuwo.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a kafa ma'aunin ruwa a duk inda gulbi ke ƙetare iyaka, ma'aikaci ɗaya daga kowace ƙasa su riƙa karantawa tare. Abin da suka karanta a faɗe shi a rediyo da Hausa da Barbarci, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi.

Na biyu, kowace shekara da ƙarewar damina, a zauna a duba abin da kowace madatsa ta tara, a yanke ranakun saki, a sanar tun kafin a zuba irin albasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In shekara ta zo da ƙarancin ruwa, a raba ƙarancin, kowa ya rage fili da saninsa.

Na uku, a ba manomi da masunci da makiyayi kujera a wurin shawara. Jibiya ta zauna da Madarumfa, Illela da Ƙonni, Damasak da Difa. Harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, akwai auratayya a tsakaninsu. Abin da zai ci wa jakadu wata shida, Sarkin Noma da Sarkin Ruwa na garuruwan biyu suna iya fahimtarsa a zama guda.

Na huɗu, shi ne mafi girma, a rubuta a sa hannu cewa ko me ya haɗa Gwamnatocin biyu, ba za a taɓa ruwa ba, ba za a fasa taron ruwa ba, ba za a yanke abin da aka bayar a madadin ruwa ba. Ƙasashen biyu suna cikin Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe tara, wadda aka fara a 1964, aka sāke mata tsari a 1980. Wurin yin maganar yana nan, niyya ake nema.

Manomi ma kada ya zauna jiran Gwamnati. Ya sami igiya ya riƙa auna zurfin ruwan rijiyarsa ran ɗaya ga kowane wata, malamin gona ko wani ɗan makaranta ya rubuta masa. Ƙungiyar manoman da ta je gaban hukuma da lissafin shekara uku a littafi, za a saurare ta fiye da wadda ta je da kuka kawai. Ɗan kasuwa mai sayen tattasan Difa da albasar Galmi ya sa baki, domin in fadama ta bushe, motarsa fanko za ta komo. Akawun ƙaramar hukuma kuwa ya nemo takardar 1990, ya karanta wa jama'a abin da aka yi musu alkawari.

Ruwan gulaben nan ba ya ƙaruwa, masu sha kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Gara a yi rabon yanzu da hankali kwance, da a jira shekarar fari a yi shi da fushi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a yi rani lafiya.