TAMBAYA DA AMSA: AJIYAR DA TA MAƘALE CIKIN FILASH

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a wannan shafi, ka miƙa kukana ga malamin nan da ke amsa tambayoyinmu a kan kwamfuta.

Ni malamin makaranta ne, ba ni da kwamfuta tawa ta kaina. Shekara biyu da suka wuce wani tsohon ɗalibina ya zuba mini babbar manhajar Ubuntu cikin filash, ya ce duk kwamfutar da na samu aro in soka shi, in tashe ta da shi, in na gama aikina in zare in sa aljihu. Haka na ke yi. A ciki na rubuta tarihin garinmu, wanda na bi dattawa gida gida na ɗauko daga bakinsu, biyu daga cikinsu kuwa yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Ran nan ina cikin aiki wuta ta ɗauke, tun daga ranar filash bai ƙara tayar da kwamfuta ba. Na kai shi shagon wani mai buga takardu, ya soka a tasa mai Windows, muka duba ba mu ga ko takarda ɗaya tawa ba, sai ma ta ce wai sai an yi masa fomatin. Yaron shagon ya kai hannu zai danna, na riƙe hannunsa. Shin aikina ya tafi ke nan, ko da sauran dabara?

Haza wasalam.
Naka, Malamin Makaranta, daga ƙasar Katsina.

AMSA

Malam, mun ga takardarka, mun kuwa ji kukanka. Allah ya jiƙan dattawan nan, ya sa aikinka ya zama abin tuna su. Riƙe hannun yaron nan da ka yi ya fi dukan abin da za mu faɗa maka a ƙasa. Ba za mu yi maka alkawarin abin da ba mu gani ba, amma bisa ga yadda ka kwatanta, mun fi zaton tarihinka yana nan kwance inda ka bar shi.

Bari mu fara da dalilin da ya sa Windows ta ce a yi fomatin. Ko wace babbar manhaja tana da irin nata tsarin jera fayiloli cikin ma'ajiya. Windows ta san NTFS da FAT32 da exFAT. Ubuntu kuwa, da ya ke ita 'yar gidan Linux ce, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland cikin 1991, ta fi aiki da wani tsari da a ke kira ext4, Windows kuwa ba ta karanta shi da kanta. Misalin abin kamar ka miƙa allon ajami ga wanda boko kaɗai ya sani, ya jujjuya shi ya ce, "Ban ga rubutu a nan ba, kawo in wanke maka." Rashin iya karatunsa bai share baƙi ko ɗaya ba, amma in ka yarda ya wanke, to, nan ne hasara za ta auku. Fomatin shi ne wankin nan. Mai sauri yana rushe jerin da ke nuna inda ko wane fayil ya ke, cikakken kuwa yana bi ya shafe ma'ajiyar gaba ɗaya.

Sa'an nan ya kamata jama'a su san irin wannan filash iri biyu ne. Dabarar tayar da kwamfuta daga abin da mutum ya ɗauko a hannu ta daɗe, tun Knoppix da Klaus Knopper na Jamus ya fitar a kan faifai cikin 2000, kafin Ubuntu ta fito cikin 2004. A asalin dabarar ba a ajiye kome. Duk abin da mutum ya rubuta yana zaune ne cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, da an kashe ta shi ke nan, ya tafi, babu kuwa malamin da zai iya komo da shi. Iri na biyu shi ne wanda aka keɓe masa wurin ajiya tun ranar zubi. Tun da ka shekara biyu kana zarewa kana sokawa kana iske aikinka, labudda naka iri na biyu ne.

Ga yadda cikinsa ya ke. Filash ɗinka kamar gida ne mai sassa biyu. A sashen farko manhajar ta ke, a dunƙule, ba a ƙara mata ba a rage mata. Shi ne wanda kuka buɗe a shago kuka ga jakunkuna masu baƙin sunaye irin su casper da boot, ba ku ga naka ba. A sashe na biyu a ke rubuta duk abin da ya sāke, ko takarda ce ka rubuta, ko hoto ka ajiye. Sunansa casper-rw, a Ubuntu na 2020 zuwa gaba kuwa a kan iske shi da sunan writable. Shi ne Windows ta kāsa karantawa. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu ta kan ɓata wani abu da manhaja ke bukata wajen tashi, haka kuma cikar wurin ajiya ta kan hana ta tashi, alhali takardun mutum suna nan lafiya. Abin da ka rubuta daf da ɗaukewar wutar shi ne mai yiwuwa ka rasa.

To, ga abin yi. Da farko ka bar gwada tayar da kwamfuta da shi, domin ko wane gwaji rubutu ne a kansa, rubutu kuwa a kan ma'ajiya mai rauni ƙarin rauni ne. Ka nemi filash biyu, ɗaya a zuba masa sabuwar Ubuntu marar wurin ajiya, ɗaya kuwa fanko, wanda za a kwashe kaya a ciki. In ɗalibin nan naka yana kusa, kira shi ya zauna tare da kai. Ku tayar da kwamfuta da sabon, ku zaɓi gwada Ubuntu, ku kiyayi wurin da ya ce a girka ta, don kada ku shafe kwamfutar mutane. Sai ta gama tashi sarai sa'an nan ku soka tsohon filash.

Ku buɗe manhajar duba fayiloli, ku nemi sashen nan mai suna casper-rw ko writable. A ciki za ku ga jaka mai suna upper, cikinta home, cikin home kuwa ubuntu. Nan ne ɗakinka. Duk abin da ka ajiye a Documents ko Desktop a nan za ka tarad da shi. In tsohon zubi ne ƙwarai, watakila babu upper, sai ku shiga home kai tsaye. Masu Debian ko Kali kuwa su nemi sashe mai suna persistence, su duba jakar rw. Kwafa za ku yi zuwa fankon filash, kada ku matsar, kada ku share, kada ku gyara ko wasali ɗaya a kan tsohon. In ta ce ba ku da izni, wannan ba lalacewa ba ce, sai ɗalibinka ya buɗe Terminal, watau allon da a ke rubuta umurni, ya yi kwafin da sudo cp -r, domin sudo ita ce kalmar da ke ba mutum ikon mai gida.

Wani zubin ba shi da sashe na biyu, wurin ajiyar fayil ne guda ɗaya babba mai suna casper-rw, yana zaune cikin sashen farko. Irin wannan ba ya wuce giga 4, domin iyakar abin da FAT32 ke ɗauka ke nan ga fayil ɗaya, shi ya sa ya kan cika da wuri. Wanda nasa haka ya ke, ya fara kwafe fayil ɗin dungum zuwa wani wuri, sa'an nan ya shiga jakar da kwafin ya ke ta Terminal, ya rubuta:

sudo mount -o loop,ro casper-rw /mnt

Ma'anar ro ita ce a karanta kawai, ban da rubutu. Daga nan sai ya leƙa /mnt, ya bi hanyar upper da home kamar yadda muka faɗa.

In kuwa sashen ya ƙi buɗuwa, ko kwafi ya riƙa tsayawa a hanya, ku dakata, kada ku yi ta matsa masa. Alama ce jikin filash ɗin ya fara gajiya. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ddrescue, aikinta ta ɗauki sūrar filash dukansa ta zuba a wata ma'ajiya da ta fi shi girma, tana fara da wuraren da ke da lafiya kafin ta koma kan masu wuya. Duk wani gyara a kan sūrar nan za a yi shi, asalin kuwa a ajiye shi gefe. In jerin fayiloli ya rushe ƙwarai, PhotoRec, wadda Christophe Grenier na Faransa ya rubuta, ta kan tsinto takardu ɗaya ɗaya, sai dai ba ta komo da sunayensu, mutum zai zauna ya buɗe su ya tantance. Wannan aiki kada ka ba wanda bai taɓa yinsa ba, domin in aka juya sunan ma'ajiya biyu wajen rubuta umurni, fanko za a zuba a kan tarihinka.

Muna da jan kunne ga masu Tails, manhajar nan ta masu son sirri da ta fito cikin 2009. Wurin ajiyarta a kulle ya ke da kalmar sirri. Mai kalmar zai iya buɗe shi daga wata Linux ya kwashi kayansa, wanda ya manta ta kuwa sai haƙuri, domin ko waɗanda suka yi manhajar ba su da mabuɗi na biyu.

Daga ƙarshe, Malam, ga magana wadda ta shafe ka ta kuma shafi sauran masu karatu. Filash mai tayar da kwamfuta abin aiki ne mai kyau ga wanda ba shi da tasa, amma jakar tafiya ce, ba a mai da ita rumbu. Manhaja tana yi masa rubutu ba dare ba rana, ƙwayoyin ajiyarsa kuwa suna da iyakar rubutun da za su jure, ga faɗuwa daga aljihu, ga shiga ruwan wanki. In Allah ya sa ka sami tarihin nan, kada ka kwana sai ka yi masa kwafi biyu. Ɗaya a wani filash da zai zauna gida, ɗaya ka aika wa kanka ta imel. Sa'an nan ka koma shagon nan ka buga shi a takarda, ka kai wa iyalan dattawan da suka ba ka labari, domin su ma suna da hakki a cikinsa. Kowa ya karanta wannan, in gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa tun yau.

Muna sauraron takardarka ta biyu, mu ji yadda ta kaya. Allah ya fid da kai kunyar mutanen garinku, amin.