Kama Da Wane Ba Ta Wane: Wace Jitar Bes Ce Ta Dace Da Ƙasar Ɗanƙwairo?

Matashin da ya shekara yana tara kuɗi a Talata Mafara don ya ƙara jitar bes a ƙaramin situdiyonsa, ko a ƙungiyar da yake bi wuraren biki, ba shi da damar yin kuskure. Ba a kasuwar Talata ake baje irin wannan kaya ba. Sai dai ya nufi Sabon Gari a Kano, ko ya aika Alaba a Legas, kuma duk wanda ya san halin da hanyoyin Zamfara ke ciki a 'yan shekarun nan ya san mayar da kaya ba ƙaramin aiki ba ne. Galibi dillali zai turo masa hotuna biyu ta WhatsApp. Jita biyu, kowace da tsirkiya huɗu, tsayinsu ɗaya, farashinsu kusan ɗaya. Ɗaya ana ce mata Precision, ɗaya kuma Jazz. Da ya tambayi bambanci, sai a ce masa duk ɗaya ne, ya zaɓi launin da ya fi so.

Ba ɗaya ba ne. Kuma ga mai aiki a wannan yanki, Precision ce ta fi dacewa a mafi yawan lokaci.

Dukkansu daga hannun mutum ɗaya suka fito, Leo Fender, a Kalifoniya ta Amurka. Ya fitar da Precision a 1951, ya gitta ƙarafa a wuyanta yadda makaɗi zai taɓa sauti daidai ba tare da lalube ba, kuma daga nan ta samo sunanta. Jazz ta biyo baya a 1960. Tsayin tsirkiyarsu daga gada zuwa kai inci 34 ne, kuma babu wadda ke buƙatar batir a cikinsu. Tun 1982 kamfanin yake fitar da masu sauƙin kuɗi da sunan Squier.

Bambancin yana wuri biyu. Na farko shi ne maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiya, wanda ke mayar da kaɗawarta lantarki. Tun 1957 Precision ke da guda ɗaya da aka raba gida biyu, da mamurɗi biyu kacal: na ƙara da na kaifin sauti. Jazz tana da guda biyu, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da gada, kowanne da mamurɗin ƙararsa. Na biyu shi ne faɗin wuya. Na Jazz siriri ne, kimanin milimita 38 a can kai, na Precision kuwa yakan haura 41.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne wajen rarrabe kayan kiɗa masu kama da juna. Baƙo zai ga kotso da kalangu ya ce ai ganga ce mai tsukakken ciki da igiyoyi, amma kotso fuska ɗaya gare shi, da hannu ake kaɗa shi, kuma a fada ya yi suna. Da shi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya kuma shahara da sunan Maradun, ya waƙe sarakuna har rasuwarsa a 1991. Da shi Sa'idu Faru ya yi tasa fadancin. Haka goge da kukuma suke: duk tsirkiya ɗaya ce da izga, amma Hassan Wayam, ɗan ƙasar Maradun da ya zauna Zariya, kukuma ya riƙe. Babu ɗayansu da ya zaɓi abin kiɗa saboda kyan gani. Aikin da zai yi suka duba. Ma'aunin da ya kamata a ɗora jitar bes a kai ke nan.

Dalili na farko wutar lantarki ne. Maɗaukin sauti mai naɗi ɗaya, irin na Jazz, yana jawo ƙugin da ke fita daga wayoyin wuta da janareta da wasu fitilu. Idan aka buɗe biyun daidai wa daida, ƙugin ɗaya yana kashe na ɗaya. Da zarar an rage ɗaya don a sami wani sauti na daban, sai ƙugin ya dawo. Rabi biyun na Precision kuwa an naɗe su ne saɓanin juna, don haka suna kashe ƙugin a kowane lokaci. A ɗakin da aka haɗa wayoyinsa da kyau, wannan ƙaramin abu ne. A filin biki a Bakura, inda amfilifaya da fitilu da cajar waya duk ke rataye a janareta ɗaya, shi ne bambanci tsakanin kiɗa da hayaniya. Yawan sautukan da ake yabon Jazz da su ba su da amfani idan mai ita ba zai iya taɓa mamurɗin ba.

Dalili na biyu shi ne inda za a saurari waƙar. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa, kuma sifikar wayar hannu ba ta iya fitar da wannan zurfi. Abin da kunne ke kamawa a waya shi ne sautin tsakiya da ke biye da shi. Precision tana da kaurin tsakiya, shi ya sa ba ta ɓacewa ko a ƙaramar sifika. Jazz, idan aka buɗe maɗaukan biyu gaba ɗaya, tsakiyarta takan ɗan faɗa, ƙasa da sama su fito. A babban zaure abin yana da daɗi. Amma waƙar da za ta yi yawo daga waya zuwa waya a tashar mota ta Mafara ba a zaure za a ji ta ba.

Dalili na uku ya shafi harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma hawa da saukar muryar mawaƙi suna ɗauke da ma'ana. Kalangu da kotso ma magana suke yi idan aka matse igiyoyinsu. Bes ɗin da ya shigo da kaifi yana neman a ji shi zai yi karo da su. Matsayinsa a waƙar Hausa irin na 'yan amshi ne: ya riƙe gindin waƙa, ya bar wa jagora fili. James Jamerson, wanda ya kaɗa a tarin waƙoƙin kamfanin Motown a shekarun 1960, da Precision ya yi wannan aiki.

Adalci ne a faɗi inda Jazz ta fi. Mai gajerun yatsu, ko yaron da ke koyo, zai fi sakewa da siririn wuyanta, kuma jitar da ke sa hannu ciwo a jingine take ƙarewa. Ba kuma gaskiya ba ne cewa ba ta da zurfi: Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley da ita ya yi suna. Wanda ke son tsaka-tsaki yana iya duba irin Yamaha TRBX174, wadda ta haɗa maɗaukan iri biyun kuma ba ta cin batir. Sai dai kowane ƙarin mamurɗi ƙarin wuri ne da ƙura za ta shiga, kuma mai gyara yana nesa.

Akwai kuma abin da ya fi sunan samfuri muhimmanci, wato ita jitar da za a miƙo. Tambarin Fender abu ne da ake iya mannawa a kan kowane katako. Hunturu yana busar da wuya har bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu, damina kuma ta sake kumbura shi. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don miƙe shi, kuma idan ta ƙi motsi, jitar ba ta da gobe a wannan yanayi. Mai saye ya sa a murɗa ta a gabansa. Ya danne tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe, ya duba tsakiya: ratar kada ta wuce kaurin katin waya sosai. Ya taɓa kowane gurbi ya ji ko akwai mai zuza. Ya jona ta a amfilifaya, ya juya kowane mamurɗi, ya girgiza wayar a bakin ramin. Ya kuma rataya ta na ɗan lokaci, domin kilo huɗu a kafaɗa daga la'asar zuwa dare ba wasa ba ne.

Duk wannan ba ya yiwuwa ta hoto. Hausawa sun hana cinikin biri a sama, sun kuma ce zuwa da kai ya fi aike. Idan tafiyar ba ta yiwu ba, a nemi makaɗin da aka amince da shi a Kano ya gwada, ya ɗauki sautin da waya ya turo. Precision mai karkataccen wuya ba ta kai Jazz mai lafiya ba. Amma idan an ajiye biyun lafiyayyu a gaban ɗan Mafara, kuɗinsu ɗaya, to ya ɗauki mai mamurɗi biyu, abin da ya rage kuma ya ƙara a kan amfilifaya.