Hoto Ya Yi Kyau, Saura Labari

 Yau za mu duba fina-finan Hausa da ake saki a 'yan shekarun nan, da ƙorafin da ya yawaita a bakin masu kallo cewa ingancinsu ya ja baya.

A majalisar matasa, a shagon cajin waya, a tsakar gida bayan sallar isha'i, maganar ɗaya ce, wai fim ya lalace. Sai dai ya kamata a tantance abin da ya lalace ɗin. Ta fuskar hoto babu mai gardama cewa an ci gaba. Duk wanda ya kalli Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, ko ya kalli Sangaya a kaset ɗin bidiyo, sannan ya dubi abin da ake ɗauka yau, ya san an yi nisa. Kyamara ta zamani ce, haske ya daidaita, har akwai mai tashi sama ta ɗauko Dala da Gwauron Dutse a fitowa guda. Inda ciwon yake shi ne labari. Kasuwar da masana'antar Kannywood ta samu kanta a ciki tana biyan tsawon fim fiye da yadda take biyan kyawunsa, kuma marubuci, wanda shi ne tushen aikin, shi aka fi yi wa rowa.

Kafin a zargi kowa, a fara duba yadda kasuwar ta juya. A da furodusa yakan gama fim, na ɗaya da na biyu, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai, su buga faifai su rarraba har Maraɗi da Damagaram da Kumasi. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da wannan ciniki, fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa suka kwashe wani kaso na masu kallo, gidajen sinima kuwa ba su da yawan da za su riƙe masana'anta. A wannan hali tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. Zuwa 2020, shekarar kullen korona, Izzar So da Labarina suka nuna cewa fim mai dogon zango na iya tara jama'a mako-mako, sai kowa ya koma can, mafi yawa a YouTube. Shi kuwa YouTube da talla yake biya. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma gwargwadon daɗewar mai kallo, gwargwadon tallan da zai gani. Abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Turai ko Amurka ba. Saboda haka furodusa na bukatar mintoci masu yawa, kowane mako, ba fashi. Daga nan aka fara jan labari.

Mai sauraro ya san irin fitowar da ake nufi. Mota ta tsaya a ƙofar gida, direba ya yi oda, maigadi ya taso da gudu ya buɗe, motar ta shiga a hankali, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, ya taka har falo, kyamara na biye da shi. Ya zauna, aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali, aka kawo ruwa da lemo. Minti uku ko huɗu sun tafi, labari bai motsa ko taku ɗaya ba. Daga nan sai Hajiya ta ɗauki waya ta kira ƙawarta ta ba ta labarin abin da muka gama gani da idonmu, ita ma ƙawar ta juya ta gaya wa mijinta. Kafin a tashi, jarumi ya dakatar da rigimar gado ya shiga yabon wani shagon atamfa ko wani maganin gargajiya da ya ɗauki nauyin shirin. Miya ce da aka yi wa mutum biyar, aka yi ta ƙara mata ruwa don ta ishi mutum hamsin.

Tushen wannan jan ƙafa yana wurin rubutu. Sau da yawa ana shiga lokeshan ba tare da an san ƙarshen labarin ba. Marubuci na rubuta kashi na gaba ana cikin ɗaukar na baya, wani lokaci ta waya yake turo fitowar da za a ɗauka gobe. Idan jaruma ta yi aure, ko saɓani ya shiga tsakanin jarumi da furodusa, sai a kashe mutum a haɗarin mota ko a tura shi karatu ƙasar waje, labari ya karkata inda ba a nufa ba. Wanda aka gina a matsayin mai haƙuri da tsoron Allah tun zango na ɗaya, sai ya wayi gari mugu a zango na huɗu ba tare da dalilin da zai gamsar ba. Gaggawa kuma ba ta barin bincike. Shi ya sa ake ganin zaman kotun da kowane lauya zai ce ba haka ake yi ba, da likitan da ba shi da aiki sai ya fito ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. Jigon ma ya taƙaita ga ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, kishi, da rabon gado, alhali ƙasar Hausa cike take da labarin manomi da ɗan ci-rani, da mai gudun hijira, da malamin makarantar ƙauye, da tarihin Kano da Katsina da Gobir da Zazzau.

Masu shirya fim suna da amsa, kuma ya dace a saurare su. Ta farko ita ce rashin kuɗi. Gaskiya ne jari ya yi ƙaranci, banki ba ya rige-rigen ba ɗan fim bashi, kayan aiki kuma da dala ake sayo su. Amma a cikin duk abin da ake kashewa, rubutu ne mafi araha. Furodusan da ya iya hayar katafaren gida da jerin motoci, ya ɗinka wa jaruma kaya kala goma, bai da hujjar cewa kuɗin marubuci ne ya gagare shi. Marigayi Samanja da marigayi Ƙasimu Yero sun yi wasanninsu a gidajen talabijin na gwamnati da kayan aikin da yau ko ɗalibi ba zai karɓa ba, kuma har gobe ana tuna su, domin sun san halin mutane kuma maganarsu tana da nauyi. Ƙarancin kuɗi na iya hana fim ƙyalli, amma ba shi ke sa a maimaita zance sau uku ba.

Amsa ta biyu ita ce jama'a na kallo, ga alƙaluma nan a ƙarƙashin kowane bidiyo. Alƙaluman suna nuna yawan waɗanda suka buɗe ne kawai. Ba sa faɗin nawa ne suka riƙa tsallake fitowa da yatsa, ko nawa ne suka daina bi a zango na uku. Kuma mai kallon nan shi ne dai yake bin fassarar fina-finan Indiya a wayarsa, yana da zaɓi, ya kuma san labarin da ya ɗaure shi da wanda ya gundure shi. Shirye-shiryen da suka fi kama zukata ma shaida ne a kan wannan. Daɗin Kowa ya samu karɓuwa ne da tawagar marubuta da suka zauna suka gina gari guda da mutanensa, suka taɓo almajiranci da shaye-shaye da halin waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Kwana Casa'in ya shiga siyasa da cin hanci da aikin jarida. Mutane sun bi su ne saboda sun ga rayuwarsu a ciki.

Amsa ta uku ta shafi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Ana cewa dokokinta sun ɗaure hannun mai fasaha, ana kuma kafa hujja da dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 da ta yi a watan Mayun 2025 a kan rashin kai su tantancewa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin mai zuba jari na tsoron harkar da ba ya iya hasashen gobenta, kuma soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa a 2016 ya hana masana'antar wurin horo da take matuƙar bukata. Duk da haka, hukuma ba ta taɓa hana kowa rubuta labari mai kai da gindi ba. Ƙasar Iran ta fi Kano tsanani wajen tace fim, amma daraktanta Asghar Farhadi ya ci kyautar Oscar har sau biyu, a 2012 da 2017. Fim ɗinsa na farko da ya ci kyautar labarin rabuwar aure ne, mafi yawansa a cikin gida da gaban alƙali, ba rawa ba tsiraici. Wannan jigo ne da Kannywood ke taɓawa kullum, bambancin yana ga zurfin rubutu.

Wasu kuma za su ce masu suka suna kewar jiya ne kawai, alhali jiyan ma kwaikwayon Indiya ne da rawa da waƙa. Haka ne, an yi wannan, kuma an soke shi a lokacinsa. Amma fim ɗin wancan zamani yana da farko da ƙarshe, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna daga littafi aka ɗauko su. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim a 1976 a hannun Adamu Halilu. In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu sun bi wannan hanya. Labari ne da aka gama saƙa shi, masu karatu suka auna shi, kafin kyamara ta gan shi. Marubutan Hausa ba su ƙare ba, suna nan maza da mata, sai dai gadar da ke tsakaninsu da masu shirya fim ta yi rauni. Kuma harshen bai gaza ba, tunda fina-finai biyu da aka yi da Hausa, The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, su Najeriya ta zaɓa su wakilce ta a gasar Oscar, ko da yake ba su kai matakin ƙarshe ba.

Gyaran yana hannun masu sana'ar. Kada a kunna kyamara sai an gama rubutu an san ƙarshensa. A yanke adadin kashi tun farko, a sanar da masu kallo, idan labari ya ƙare a rufe shi a buɗe sabo. A yi wa marubuci yarjejeniya a rubuce, a biya shi abin da zai ba shi damar zama ya yi bincike, ya tambayi lauya da likita da malami kafin ya sa musu magana a baki. Ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN na iya sa wannan cikin ƙa'idojinta. Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, wadda ɗan masana'antar Ali Nuhu ya karɓi jagorancinta a Janairun 2024, na iya kawo horon rubutun fim kusa da inda ake aikin, tare da jami'o'in Arewa. Masu tallata haja su yarda a ajiye tallansu a gefen shiri, a daina cusa shi a bakin jarumi. 'Yan fim kuma su daina ɗaukar mai sharhi a matsayin mahassadi, domin wanda ya zauna ya kalli aikinka har ya gano inda ya karkace ya ba ka lokacinsa da kuɗin datarsa.

Dubban matasa ne ke cin abinci a wannan masana'anta, miliyoyi kuma ke koyon magana da ɗabi'a daga gare ta, daga Kano har zangon Hausawa a Ghana da Kamaru da Sudan. Abin da ya kai wannan matsayi ya cancanci a rubuta shi da natsuwa, a kuma biya wanda ya rubuta shi haƙƙinsa.