Balaga da wuri: Shin allurar jinkirta ta na raunana ƙashin yara?

Tun bayan ɓarkewar korona a 2020, likitoci a Italiya da Turkiyya suka ba da rahoton ƙaruwar yara mata masu balaga da wuri, wato kafin shekara 8. Akan yi musu allurar leuprolide ko triptorelin duk wata ko duk wata uku, domin dakatar da sinadaran balaga.

Fargabar iyaye ita ce ƙashi, tunda waɗannan sinadarai ne ke ƙarfafa shi. A 2017, wasu mata a Amurka da aka yi wa allurar Lupron suna ƙanana sun koka da raunin ƙashi da ciwon gaɓoɓi.

Sai dai binciken da ya bi yara har girmansu ya nuna ƙarfin ƙashin kan ɗan ja baya lokacin allurar, sannan ya farfaɗo bayan an daina. Barin yarinya haka nan ma da nasa haɗarin: ƙashinta kan daina tsawo da wuri, ta tashi gajera.

Allurar ta fi ƙara tsawo ga wadda aka fara wa kafin shekara 6. Shi ya sa likita ke duba shekarunta da hoton ƙashin hannunta kafin ya yanke shawara.