Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba madannin AUTO ba

A watan Afirilun da ya wuce na ɗauko mahaifiyata daga Zariya za mu Kano, da tsakar rana, zafi kamar ya tsaga kai. Hajiya tana fama da ciwon asma, shi ya sa tun kafin mu tashi na rufe gilasai ruf, na kunna AC, na danna madannin nan mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya, wanda ke hana iskar waje shigowa. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai muka cimma wata tirela tana tuƙa hayaƙi baƙi wuluk, ga shi babu halin wucewa. Can sai warin dizal ya cika motar. Hajiya ta kama tari, tana cewa, "Kai, rufe gilashin nan mana!" Na ce, "Wallahi Hajiya a rufe yake." Da na duba, sai na ga fitilar madannin ta mutu. Motar ce da kanta ta ga dama ta buɗe ƙofar iskar waje, ba ta tambaye ni ba, ba ta kuma sanar da ni ba. Sai da muka tsaya gefen titi Hajiya ta shaƙi maganinta kafin numfashinta ya dawo daidai.

Tun ranar nake cike da fushi, kuma fushina yana da hujja. Abin da masu ƙera motoci suke sayar mana da sunan na'urar sanyaya mai sarrafa kanta, wato AUTO, bawa ne da ya zama ubangida. Ka saya da kuɗinka, ka zuba mai da kuɗinka, amma hukuncin iskar da za ka shaƙa ya koma hannun wata 'yar kwamfuta da ba ta da hanci, ba ta da fata, ba ta san akwai tsohuwa mai asma a kujerar baya ba.

Ba jiya aka fara abin nan ba, balle a ce a yi masa uzuri na sabon shiga. Kamfanin Packard na Amurka ya fara sa na'urar sanyaya a mota tun 1939. Cadillac kuma ya fito da mai sarrafa kanta a 1964. Shekara 60 da ɗoriya ke nan, amma har yau abin bai koyi ladabin farko ba: idan mai mota ya ba da umarni, a bar umarnin yadda ya ba da shi.

Na san amsar injiniyoyi. Za su ce idan aka daɗe ana juya iskar ciki, numfashin mutane yana taruwa, iskar ta gurɓace, direba ya fara gyangyaɗi, gilashi kuma ya yi gumi a lokacin damina. Gaskiya ne, ban musa ba. To amma wace doka ce ta hana motar ta yi ƙara ko ta rubuta gargaɗi, ta bar ni in zaɓi lokacin buɗewa? Motar da ke iya yin kuka ba ƙaƙƙautawa saboda ban ɗaura bel ba, ita ce za ta kasa faɗa mini cewa za ta shigo da hayaƙin tirela? Wasu motoci masu tsada suna da sensa mai jin gurɓatar iska, ta rufe ƙofar da kanta. Mu da ba mu da kuɗin waɗannan, an ba mu mai buɗewa, an hana mu mai rufewa. Wannan rainin wayo ne.

Bari mu duba abin da wannan "basira" ta dogara a kai. Akwai sensa ɗaya a bayan wata 'yar raga a jikin dashbod, tana auna zafin cikin mota. Akwai wata a saman dashbod kusa da gilashin gaba, kamar ƙwayar ido, tana auna ƙarfin rana. Akwai ta uku a bayan bambar gaba, tana auna zafin waje. Da abin da waɗannan suka faɗa kwamfutar take juya ƙofofin da ke gauraya iska mai sanyi da mai ɗumi, ta ƙara fanka ko ta rage. Ɗaya ta yi ƙarya, duk lissafin ya rushe.

Kuma a ƙasar nan ƙarya suke yi kullum. Wanda ya shimfiɗa kafet ko tawul a kan dashbod don kada rana ta fasa masa roba, ya rufe idon sensar rana bai sani ba. Motar sai ta ɗauka inuwa ake ciki, ta sassauta sanyi, mutum yana ɗiga da gumi. Ƙurar hunturu ta toshe ragar sensar ciki, sai ta riƙa auna zafin ƙurar da ta lulluɓe ta. Ta bayan bamba kuwa, ɗan gugar da mai adaidaita sahu zai yi maka ya isa ya tsinke wayarta. A motoci da dama, da wayar ta tsinke sai allo ya nuna 40 ƙasa da sifiri. Kwamfutar ta yarda cewa ƙanƙara ke zuba, ta kashe kwamfireso don kare shi, alhali kana tsakiyar Sakkwato a watan Mayu, zafi ya haura digiri 40. Ɗan ƙarfen da bai kai kan yatsa ba ya hana ka sanyi gaba ɗaya, kuma babu madannin da za ka danna ka ce mata ƙarya ne, kunna.

Daga nan sai ka faɗa hannun mai gyara. Ni na je wurin wani, ko na'urar bincike bai jona ba ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Ya ɗura, na biya, na tafi, kwana biyu abin ya dawo. Na koma ya ce, "To kwamfireso ne, Alhaji, sai an canza." Allah ya taimake ni wani yaro mai aikin waya ya leƙa ƙarƙashin bamba ya ga soket a zare. Mutum nawa aka sa suka sayi kwamfireso a banza saboda soket? Mutum nawa aka yanke wa wayoyi aka haɗa musu kai tsaye, aka kashe tsarin baki ɗaya? Ga kuma batun gas ɗin kansa: tun farkon 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da sabuwar mota mai tsohon gas ɗin R-134a, aka koma sabon gas ɗin R-1234yf. Waɗannan motocin suna shigo mana yanzu a matsayin 'yan Kwatano, amma da yawa cikin masu ɗura gas tukunya ɗaya gare su, kowace mota ita ake ɗura wa.

Ko da komai lafiya lau, halin abin nan ya isa ya tayar wa mutum da hankali. Ka shiga mota da rana, fanka ta taso da gurnani har ba ka jin wanda ke kusa da kai. Ka rage ta ɗan kaɗan, fitilar AUTO ta mutu, ka rasa abin da ya rage a hannunta da wanda ya dawo hannunka. Ka danna madannin goge gumin gilashi, ta buɗe iskar waje ba da saninka ba. Ka tsaya a danja da mota mai kashe injinta don tsimin mai, kwamfireso ya tsaya tare da injin, iska mai ɗumi da warin danshi ta fara busowa. Ƙila a garin da zafin bazara bai wuce digiri 25 ba wannan ba komai ba ne. A Maiduguri azaba ce. Motar Amurka kuma ta nuna maka 72 a ma'aunin zafinsu, sai ka yi lissafi kafin ka gane digiri 22 take nufi. Mutane suka gaji, kowa ya murɗa zuwa LO, wato ƙarshen sanyi, ya bar shi nan har abada. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sabon yayin cire madannai a tura komai cikin allon taɓawa. A 2022 mujallar motoci ta Vi Bilägare a ƙasar Suwidin ta yi gwaji a gudun kilomita 110 cikin awa: direba ya ƙara zafi, ya kunna mai goge gumin gilashi, ya canza tashar rediyo da makamantansu. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai madannai, sakan 10 ya ɗauka. A mafi nawar sababbin motocin masu allo, ya haura sakan 40, motar ta ci fiye da kilomita guda hankalin direba a rabe. Ku auna wannan a kan titinmu mai ramuka, da shanu masu tsallakawa, da 'yan acaɓa masu fitowa ta ko'ina. Ba maganar jin daɗi ake ba yanzu, maganar rai ce. Kuma kada a ce mana ci gaba ne. Allo ɗaya ya fi madannai ashirin arha wurin ƙerawa, ribar tasu ce, haɗarin namu.

Ban ce a koma zamanin sauke gilashi ba. Na'urar da za ta riƙe sanyi daidai ba tare da na yi ta murɗe-murɗe ba, alheri ce. Sharaɗina uku ne kawai. Abin da direba ya danna ya zauna har sai ya canza. Idan na'ura za ta saɓa masa, ta faɗa masa a fili. Zafi, fanka da ƙofar iska su kasance madannai na gaske da hannu zai lalubo ido yana kan titi.

Masu shigo da motoci, ku daina kallon fenti da fitila kaɗai, ku riƙa tambayar ko motar za ta iya da bazararmu. Masu gyara, ku sayi na'urar bincike ku koyi karanta ta, ku ji tsoron Allah ku daina cewa gas ne kafin ku duba. Kai kuma mai saye, kada ka gwada mota da sassafe ko bayan magariba. Gwada ta da azahar, ka danna madannin iskar ciki, ka yi tafiyar rabin awa, ka ga ko zai tsaya inda ka bar shi. Ɗage kafet ɗin dashbod daga kan sensa, ka riƙa canza matatar iskar cikin mota bayan kowane hunturu. In kuwa ka ga motar tana saɓa umarninka a ɓoye, ko a ce sai ka shiga allo kafin ka rage fanka, ka riƙe kuɗinka ka nemi wata. Numfashin iyalinka ya fi ƙarfin a bar wa na'ura.